Jáchymov: Ƙaramin Garin da Sunansa Ya Zama Kuɗi

A arewa maso yammacin ƙasar Cek, dab da iyakar Jamus, akwai wani ƙaramin gari mai suna Jáchymov, wanda ake furta sunansa kamar Yakimof, yana shimfiɗe a cikin wani matsattsen kwari na tsaunukan da Jamusawa ke kira Erzgebirge, wato tsaunukan ma'adinai. Mazaunansa a yau ba su kai dubu uku ba, amma tarihinsa na shekara ɗari biyar ya nuna yadda abin da ke ƙarƙashin ƙasa kan ɗaga gari ya kuma kayar da shi, gwargwadon bukatar da mutanen nesa suke da ita ga wannan abu a kowane zamani.

An kafa garin a shekarar 1516, bayan an gano azurfa mai yawa a filayen wani basarake mai suna Štěpán Šlik, kuma a shekarar da ta biyo baya aka raɗa masa sunan Jamusanci Sankt Joachimsthal, ma'ana kwarin Waliyyi Yowakim, wanda Kiristoci suka ɗauka shi ne mahaifin Maryamu. Mahaƙa suka yi ta kwarara daga yankin Saksoniya na Jamus, har ya zamana kafin shekara ashirin ta cika jama'ar garin sun kai kimanin 18,000, adadin da ya sa a duk masarautar Bohemiya, wadda garin yake cikinta, birnin Firag ne kaɗai ya fi shi yawan mutane. A shekarar 1520 gidan Šlik ya samu izinin buga kuɗi, ya riƙa fitar da wani babban sulen azurfa mai nauyin kusan giram 29, ɗauke da siffar waliyyin a fuska ɗaya da zakin Bohemiya a ɗaya fuskar. Saboda ingancin azurfarsa da daidaiton nauyinsa fatake suka amince da shi, suka gajarta dogon sunansa Joachimsthaler ya koma taler, sannan Holandawa suka mayar da shi daalder, Ingilishi kuma ya karɓa da nasa lafazin, wanda Amurka ta ɗauka sunan kuɗinta a dokar shekarar 1792. Daga wannan tushe ne kalmar dala ta shigo Hausa, ta yadda mai ciniki a kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke lissafin kuɗin sefa da dala yana ambaton guntun sunan wannan kwari ne.

Arziki ya jawo masu ilmi kamar yadda ya jawo mahaƙa. A shekarar 1527 Georgius Agricola ya zama likitan garin, kuma zaman da ya yi yana duba marasa lafiya, yana tambayar mahaƙa sirrin sana'arsu, shi ne harsashin babban littafinsa De re metallica da aka buga a 1556, wanda ya bayyana yadda ake haƙa rami da tokare shi da katako, da yadda ake janye ruwa da shigar da iska, da yadda ake narka dutse a tace azurfa. Sai dai wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba, domin tun a 1528 Sarki Ferdinand na Ɗaya ya ƙwace ikon buga kuɗi daga gidan Šlik, jijiyoyin azurfa masu sauƙin kaiwa suka fara ƙarewa, azurfar nahiyar Amurka kuma ta cika kasuwannin Turai. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ƙarasa abin da ya rage, sa'annan tilasta wa jama'a komawa ɗarikar Katolika ya sa mahaƙa da dama mabiya Luther suka tsallaka iyaka zuwa Saksoniya, garin ya dawo yana rayuwa da ƙananan ma'adinai irin su kobal, wanda ake yin shuɗin launi da shi.

Tun zamanin azurfa mahaƙa sun saba cin karo da wani baƙin dutse mai nauyi da ƙyalli kamar kwalta, wanda bayyanarsa kan nuna cewa jijiyar azurfa ta yanke, don haka suka kira shi Pechblende, da yake kalmar Pech a Jamusanci tana nufin kwalta kuma tana nufin rashin sa'a, suka riƙa zubar da shi a juji. A 1789 masanin sinadarai Martin Klaproth ya gano cewa irin wannan dutse yana ɗauke da wani sabon ƙarfe da ya sa wa suna yuraniyom, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 aka buɗe masana'anta a garin da ke sarrafa shi zuwa launin ɗorawa da kore don rina gilashi da tangaran. Ragowar dusar wannan masana'anta ce aka riƙa aika wa Marie da Pierre Curie a Faris buhu-buhu, su da suka sanar da gano radiyom a 1898, wato wani ƙarfe mai fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda aka fara amfani da shi wajen ƙona ciwon daji. A 1906 aka buɗe wurin wankan magani da ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ramukan, mai ɗauke da iskar radon da radiyom ke haifarwa, masu ciwon gaɓoɓi suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban. Wannan iskar ce kuma, idan aka daɗe ana shaƙar ta a rami maras mafitar iska, take haddasa cutar da ta yi ƙarnuka tana kashe mahaƙan yankin tun suna da sauran ƙarfi, wadda daga baya likitoci suka tabbatar cewa sankarar huhu ce.

Ƙarni na 20 ya kawo wa garin mafi munin kwanakinsa. A 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye yankin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kori Jamusawan da kakanninsu suka gina garin, sannan a watan Nuwamban 1945 gwamnatin Cekosulobakiya, ƙasar da garin yake cikinta a lokacin, ta ƙulla yarjejeniyar sirri da ta ba Tarayyar Sobiyet yuraniyom ɗin ƙasar don shirinta na ƙera makamin nukiliya. Daga 1949 zuwa 1961 hukumomin kwaminisanci suka kewaye ramukan da sansanonin aikin dole, inda dubban fursunoni, da yawansu 'yan siyasa da malaman addini da tsofaffin sojoji, suka riƙa haƙa dutsen cikin sanyi da yunwa ba tare da abin kare numfashi ba, a wurare masu sunaye irin su Svornost, Rovnost da Bratrství, wato haɗin kai, daidaito da 'yan'uwantaka. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin dutsen ya tafi gabas a cikin taragun jirgin ƙasa, cutar kuwa ta zauna a ƙirjin waɗanda suka haƙo shi.

An daina haƙar yuraniyom a farkon shekarun 1960, garin ya koma dogaro da baƙi masu neman magani. Ramin Svornost, wanda aka fara haƙawa tun 1518, yana aiki har yanzu, amma ruwa kawai ake ɗebowa daga cikinsa zuwa gidajen wanka, tsohon gidan buga kuɗi kuma ya zama gidan tarihi. A 2019 hukumar UNESCO ta saka yankin haƙar ma'adinai na waɗannan tsaunuka cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma abin da aka adana ya haɗa da ramukan azurfa na ƙarni na 16 tare da jar hasumiyar da ke kusa da garin Ostrov, inda fursunoni suka riƙa niƙa dutsen yuraniyom suna shaƙar ƙurarsa.