Wa Ke Riƙe da Kuɗin Nakasassu?

Ƙofar Ran ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar da Malam Yakubu, sarkin Bauchi na farko, ya kewaye birnin da ita a farkon ƙarni na 19. A nan, kamar sauran ƙofofin garin, ba a rasa makaho da ɗan jagoransa da hantsin Juma'a. Mai sadaka ya miƙo kuɗi, hannun yaron ne ke karɓa, shi ke ƙirgawa, shi ke faɗa wa dattijon abin da aka samu. Takardar naira 200 da ta 1,000 girmansu ɗaya ne a hannu, don haka makahon bai da abin dogaro sai amanar yaron.

Tsakanin mai bayarwa da nakasasshe kusan kullum akwai wani a tsaye. A ƙasar Hausa an daɗe da yi wa abin tsari: akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Guragu. Idan attajiri ya fitar da zakka, ko gwamnati ta kawo shinkafar azumi, sau da yawa ta hannunsu rabon ke bi, domin su suka san mutanensu gida-gida. Sai dai ba rasit, ba littafi, kuma wanda ke riƙe da kuɗin shi ne dai ke yanke wa za a ba.

Hukuma ma ta shigo. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan nakasassu naira 7,000 duk wata. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020.

Ostiraliya ta bi wata hanya daban. A 2013, zamanin Firaminista Julia Gillard, ta kafa shirin tallafa wa nakasassu mai suna NDIS, wanda yanzu mutum fiye da 600,000 ke cin moriyarsa. Ba a tara kowa a yi masa kuɗin goro. Ana zama da nakasasshe a rubuta abin da yake buƙata, ko keken guragu ne, ko mai taya shi wanka, ko likitan gashin ƙashi, ko gyaran ƙofar ɗaki don keke ya shige, sannan a ware masa kuɗin da sunansa. Yana iya kula da su da kansa, yana iya barin su hannun NDIA, hukumar da ke gudanar da shirin, ko ya ɗauki ma'aji mai rajista. Fiye da rabin mutanen ma'ajin suke zaɓa.

Aikin ma'ajin a fayyace yake. Wanda ya yi wa nakasasshe aiki zai aiko masa da takardar neman biya. Shi kuma ya duba ko aikin na cikin abin da aka amince, ko farashin bai haura iyakar da hukuma ta sa ba, sai ya karɓo kuɗin ya biya. Duk wata yana aika wa mai kuɗin bayanin abin da aka kashe da abin da ya rage, ya kuma ankarar da shi idan ya ga asusun zai ƙare kafin lokaci. Ladansa daban hukuma ke warewa, ba ya gutsurar kuɗin keke. Babban abin shi ne, ba shi ke zaɓar wa mutum wanda zai yi masa aiki ba, kuma in an ga take-takensa ana iya sallamarsa a ɗauki wani. Makahon Ƙofar Ran da ɗan jagoransa jikansa ne, wa zai sallama?

Ba a ce can ɗin babu ɓaraka ba. Shirin na lashe fiye da dala biliyan 40 ta Ostiraliya a shekara, kuma inda kuɗi suka taru haka ɓarayin biro ba sa nisa. An kama masu rubuta takardun aikin da ba a yi ba, har ta kai gwamnati ta kafa rundunar yaƙi da zamba a 2022.

Bauchi ba ta da irin wannan dukiya, amma raba mai ajiya da mai yanke shawara ba ya cin biliyan. Ƙungiyar nakasassu a unguwa na iya buɗe asusu da sunan kowane mamba, saƙon banki ya riƙa shiga wayarsa kai tsaye, tunda wayoyin zamani suna karanta wa makaho saƙo da murya. Sarakunansu su ci gaba da tantance mabukata, wani daban ya riƙe littafi ya karanta shi a gaban taro duk wata. Masu fitar da zakka da hukumomin da ke rabon tallafi su ne ya kamata su fara neman ganin wannan littafi kafin su miƙa ko sisi.