Me Ke Sa Waƙa Ta Gawurta: Ƙulli ko Rerawa?

Ranar kasuwar Illela, daga kara har tashar masu zuwa Birnin Ƙonni, ba ka rasa jin muryar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo tana tashi daga wayar wani direba. Mene ne ya raya waɗannan waƙoƙi bayan masu su sun daɗe da rasuwa?

Abu na farko shi ne ƙulli. Makaɗin baka yana kafa gindin waƙa, wato layin da 'yan amshi ke komawa gare shi, sannan ya jero ɗiya masu ɗauke da kirari, zambo, habaici da tarihi. Bakandamiyar Narambaɗa ta yi fice saboda nauyin maganarta. Ko a takarda aka karanta ta, azancin yana nan daram.

Na biyu shi ne rerawa. Kotso ko kalangu, murya, da yadda 'yan amshi ke cafe magana tun kafin ta faɗi ƙasa, duk takarda ba ta iya riƙe su. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, kowane karo da ƙari ko ragi, gwargwadon waɗanda ke zaune gabansa. Saboda haka kaset hoton rana ɗaya kawai ya kama.

Ƙulli shi ne iri, rerawa ita ce damina. Kyakkyawar murya takan ɗauki waƙa marar nauyi na ɗan lokaci, amma wadda ke kaiwa ga jikoki sai wadda ta haɗa biyun.