Binciken Jarin Mazauna Ƙasashen Waje: Wa Ke Biyan Mai Binciken?

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje sun aiko gida da kuɗi fiye da Dala miliyan dubu 19. Akasarin kuɗin kan tafi ne wajen cefane da kuɗin makaranta da magani, amma akwai wani kaso da masu shi ke zubawa a harkar jari, a gida ko a can inda suke zaune. Wannan kaso ne dillalai ke zawarci, shi ya sa sana'ar binciken tsarin jari ta masu zaman kansu take samun kasuwa.

Aikin mai binciken shi ne ya karɓi takardun yarjejeniyar da mutum ya sanya wa hannu, ya fitar da abin da ake cirewa a matsayin la'ada da kuɗin hidima, da tarar da za a ci mai jari in ya janye kafin wa'adi, da kuma hukumar da za a kai wa ƙara idan abu ya ɓaci. To amma amfanin rahoton ya dogara ne kan aljihun da ladan mai binciken ke fitowa.

A biranen da baƙi ma'aikata suka yi yawa, kamar Dubai, an daɗe ana sayar da wani tsarin adashi mai haɗe da inshora, na shekara 20 ko 25, inda mutum ke zuba kuɗi wata-wata. Dillalin kan karɓi la'adarsa a dunƙule tun farko daga kamfanin inshora, kamfanin kuma ya fanshe daga zubin watannin farko. Saboda haka wanda aikinsa ya ƙare bayan shekara biyu ya nemi kuɗinsa, yakan tarar abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Koke-koke sun yi yawa har hukumar inshora ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ƙayyade la'adar da dillali zai iya karɓa, a wata doka da ta fara aiki a 2020. Ingila kuwa tun ƙarshen 2012 ta hana masu ba da shawarar jari karɓar la'ada daga kamfanonin da suke tallata wa haja.

Ko ba a janye da wuri ba, kuɗin hidima na cin dukiya a hankali kamar gara. A ɗauki misalin Dala 100,000 da ke kawo ribar kashi 6 cikin 100 a shekara. Cikin shekara 20 za ta haura Dala 320,000. Idan kuwa ana cire kashi 3 cikin 100 duk shekara, a raba tsakanin kamfanin inshora da manajan asusu da dillali, abin da zai taru bai fi Dala 181,000 da kaɗan ba ma, in ya kai. Da wuya a ga wannan lissafi a takardar talla, domin kowane caji a shafi dabam ake rubuta shi.

A nan ne ya kamata a yi hattara da tallan "bincike kyauta". Sau da yawa mai wannan tayi shi ma dillali ne. Zai fallasa aibin tsohon tsarin, kuma gaskiya zai faɗa, sa'an nan ya ba da shawarar a koma wani sabon tsari wanda shi ne zai ci la'adarsa. Mai jari ya biya tarar fita, ya sake biyan kuɗin shiga. Mai bincike na ainihi yakan yanke ladansa tun farko, mai jari ne ke biya, kuma ba ya ƙin rubuta cewa babu wani kamfani da ke ba shi ko sisin kwabo.

Ga mai saka jari a gida Nijeriya, babban abin da rahoto zai auna shi ne canjin kuɗi. Wanda ya canza Dala 10,000 a farkon 2023, lokacin da Dala ke kusan Naira 750 a kasuwar bayan fage, ya sami Naira miliyan 7.5. A ce ya sami ribar kashi 15 cikin 100. Zuwa Fabrairun 2024 Dala ta haura Naira 1,500, don haka uwa da riba ba su wuce Dala 5,750 ba. A Naira ya ci riba, a Dala ya tafka asara. Wannan haɗari bai shafi takardun lamuni na Dala miliyan 300 da Gwamnatin Tarayya ta sayar wa mazauna waje a 2017 ba, domin da Dala aka saye su, da Dala kuma aka biya ruwan kashi 5.625 cikin 100 har wa'adinsu ya cika a 2022.

Sai batun rajista, wanda ba ya buƙatar gwani. Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, wato SEC, tana wallafa sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na intanet. Lokacin da tsarin CBEX ya durƙushe a Afrilun 2025, bayan alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, hukumar ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba. Sai dai rajista a Abuja ba ta ba kamfani izinin sayar da haja a Landan ko Jidda ba. Dole rahoton ya faɗi ƙasar da aka ƙulla yarjejeniyar, da kotun da ke da hurumin sauraren ƙara, da kuma yadda magada za su karɓi dukiyar in mai ita ya rasu a can.