HANGUM: CIWON DA BAI KAMATA MU RAINA BA

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun yi hangum muna yara, muka warke, saboda haka idan kumatun yaro suka kumbura sai mu yi dariya, mu ce zai wuce. Gaskiya ne yakan wuce. Amma wani lokaci yakan bar tabon da ba ya gogewa.

Hangum ƙwayar cuta ce irin ta bairos, mai bin miyau. Ana ɗaukarta ta tari, da atishawa, da shan ruwa a moɗa ɗaya. Takan yi kwana 16 zuwa 18 a jiki kafin ta nuna kanta. Sai zazzaɓi, da ciwon kai, da kasala, da rashin son abinci, sa'an nan kumburi a gaban kunne, gefe ɗaya ko duka biyu, har tauna ta yi wuya. Mai ciwon yakan fara yaɗa shi tun kwana 2 kafin kumburin ya fito.

Ga inda haɗarin yake. Cutar tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ta kurmantar da kunne har abada. Idan ta kama namiji da ya balaga, takan kumbura masa 'ya'yan maraina da zafi ƙwarai, wani lokaci ta rage ƙarfin haihuwa, ko da yake ba safai take hana ta gaba ɗaya ba.

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya, kafso ma ba ya taɓa ta. Mu ba yaro hutu, da ruwa isasshe, da kunu, da farasitamol domin zafi. Kada a ba shi asfirin, ko lemun tsami mai ƙara zafin kumburin. Ya zauna gida kwana 5 daga ranar da kumburin ya fito: ba makarantar boko, ba makarantar Lahadi. In muka ga wuya ya sandare, ko amai, ko yawan barci, sai asibiti nan da nan.

Riga-kafi kuwa akwai shi. A 1963 wani masani a Amurka, Maurice Hilleman, ya ɗebi ƙwayar daga maƙogwaron 'yarsa da hangum ya kama, ya raunana ta, aka fara amfani da allurar a 1967. A 1971 aka haɗa ta da ta ƙyanda da ta rubela, aka kira ta MMR. Sau biyu ake yi, na fari bayan yaro ya cika shekara ɗaya. Mace mai ciki ba a yi mata.

Sai mu lura: allurar ƙyanda da ake yi wa jariri a wata 9 ba ta tsare shi daga hangum. Mu ɗauki katin yaro mu je wurin ma'aikacin lafiya, mu tambaye shi inda ake samun MMR. Riga-kafi ya fi magani.