TABA A GARKE: MAGANI CE, AMMA DAFI CE

Makiyayi na Dantchiao, Magariya da Dungas, damana in ta sauka kaska ma ta sauko. Mun san da yawanku kuna jiƙa ganyen taba ku wanke bisa da ruwan. Ga abin da ya kamata ka sani.

Daga ina ta fito?

Asalin taba nahiyar Amirka ne. Mutanen farko na can suna ƙona ta wajen roƙo da sulhu, masu maganinsu kuma suna aiki da ita. Ta shigo ƙasashenmu sama da shekara 400. A nan tsofaffi suka haɗa garinta da kanwa, mata suka riƙa goga furenta a haƙora da goro, makiyaya suka kai ta garke.

Mi ke cikinta?

Akwai wani dafi a ganyen, sunansa nikotin. Shi ke kashe ƙwarƙwata da ƙuma, ya raunana kaska, ya sa matsattsaku ya saki hancin bisa. To amma dafin bai san ƙwaro ba, bai san saniya ba: yana ratsa fata ya shiga jini. Wani ganyen kuma ya fi wani ƙarfi nesa, ido ba ya ganewa. A 2009 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana fesa shi a gonaki.

Abin da za ka kiyaye

1. Kar ka ɗura wa bisa ruwan taba, ko don tsutsar ciki.
2. Kar ka sa a ido ko a buɗaɗɗen miki.
3. Kar ka wanke ɗan maraƙi, ɗan akuya, mai ciki ko ramammiya da shi.
4. Ƙwaryar jiƙo daban, ƙwaryar tatsa daban.
5. Kar ka ba yaro wannan aiki. Kai ma wanke hannu da sabulu.

In bisa ta bugu

Za ka ga dalala, makyarkyata, haki da tangaɗi. Maza wanke mata jiki da ruwa mai yawa da sabulu, ka kai ta inuwa, ka aika a kira malamin kiwo.

Ka tuna: ko kaska ta faɗi, taba ba ta warkar da ciwon da ta riga ta sa wa bisa. Zazzaɓi da kirci sai likitan bisashe. Taba ta bambanta da garin gero.