Canjin Kuɗin 2023: Wa Aka Nufa, Wa Aka Samu?

A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 ba sa cikin bankuna, kuma dawo da su zai karya lagon masu garkuwa da mutane, ya rage jabun kuɗi da hauhawar farashi. Masu goyon bayan shirin suka ƙara da hujjar da ta fi shiga ran talaka: zaɓe na tafe ranar 25 ga Fabrairu, don haka duk ɗan siyasar da ya jibge kuɗi a ɗaki don sayen ƙuri'a zai wayi gari da takardun banza.

Dattawa sun san irin wannan rawa. A Afrilun 1984, Muhammadu Buhari yana shugaban mulkin soja, an sauya launin naira, aka rufe iyakoki, aka ba jama'a 'yan kwanaki. Bayan shekara 38, shi ne dai ya sake sa hannu.

Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, wa'adin daina karɓar tsofaffi kuma 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka yi biyayya, suka kwashi kuɗinsu suka kai banki. Da suka koma karɓar sababbi, sai aka ce babu. An janye fiye da abin da aka buga, nesa ba kusa ba.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Magidanta na kama layin ATM tun kafin asuba, a rubuta wa mutum lamba, ya wuni a rana, ya koma gida da naira 2,000 ko hannu rabbana. Masu POS suka koma sayar da naira da naira, a wasu wuraren sai ka bar 1,000 kafin a miƙo maka 5,000. A bakin teburin mai shayi ana tsaye ana jayayya, mai saye na nuna waya yana cewa an cire masa, mai shayi na cewa bai ga alat ba. Mai tumatir da ya ɗauko kaya daga Kadawa ba shi da damar jiran sabis ya dawo, domin kwando ba ya jira. Ya karyar da shi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu.

Ƙauye ya fi shan wuya. Akwai ƙananan hukumomi da dama a Arewa da ko reshen banki ɗaya ba su da shi. Tsohuwar da jarinta ke ƙulle a bakin zani, da makiyayin da ke sayar da sa a kara ya karɓi kuɗinsa lakadan, da su aka fara, alhali ba su san an yi lissafin tiriliyan ba. Ko ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta shaida wa 'yan majalisar dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba, balle su.

A Ibadan da Benin da Warri fushi ya kai ga farfasa bankuna. Abin mamaki, waɗanda suka kai gwamnatin tarayya gaban Kotun Ƙoli gwamnonin jam'iyyarta ne, na Kaduna da Kogi da Zamfara. Ko tausayin talaka ne ya motsa su ko tsoron faɗuwa zaɓe, kowa da yadda ya fassara. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta halatta tsofaffin takardu har ƙarshen 2023. A Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya. Shi kuwa Emefiele, tun 9 ga Yuni sabon shugaban ƙasa, Tinubu, ya dakatar da shi.

Waɗanda aka nufa fa? Sayen ƙuri'a bai mutu ba, ya dai koma taliya da atamfa da tura kuɗi ta waya. Garkuwa ma ba ta tsaya ba, domin a Maris 2024 an kwashe ɗalibai a Kuriga ta jihar Kaduna.

Ba a rasa riba ɗaya ba. Mai nama da mai kayan miya da ɗan adaidaita sun buɗe asusun OPay ko Moniepoint, yanzu ga lambar a rubuce jikin kwali. Amma babban burin shirin ya sha ƙasa. Wanda ya taɓa kwana da yunwa alhali kuɗinsa na banki ba ya sake kai duka. Zuwa ƙarshen 2024 kuɗin da ke yawo sun haura naira tiriliyan 5, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu suna wajen bankuna, sama da kason da Emefiele ya kafa hujja da shi.