Shin Ko Kun San Abin Da Ke Farfasa Fuskar Amarya A Faifan Biki?

Kun sa faifan bikin da aka ɗauka shekarun baya. An fara lafiya. Ana cikin liƙi sai fuskar amarya ta tarwatse, ta koma 'yan murabba'ai kore da ruwan hoda, sauti ya sarƙe, hoto ya ƙame. To ku gyara zama, domin abin da ke cikin ɗan faifan nan ya wuce yadda kuke zato.

Shin ko kun san cewa layi ɗaya tal ne a jikin faifai? Ɗaya rak! Yana farawa daga tsakiya, ya yi ta kewaye har baki. In aka warware na CD, tsawonsa ya haura kilomita 5. Na DVD kuwa ya kusa kilomita 12. Duk a kan abin da faɗinsa bai wuce santimita 12 ba!

Tazarar da ke tsakanin kewaye da kewaye a DVD maikuromita 0.74 ce. A kaurin silin gashi guda za a jera wajen 100. Yanzu ku tuna zanen yatsan da kuka bari a kai jiya.

Kuma tunda daga tsakiya ake farawa, ƙarshen bidiyo yana can bakin faifai, inda hannu ya fi taɓawa. Shi ya sa sau da yawa ɗaurin aure ke fita tas, a zo wajen kai amarya abu ya dagule.

Ga wata. Faifan kamfani da wanda mai bidiyo ya ɗora muku a shago ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Na kamfani inji ne ke danna masa 'yan ramuka a jikin roba. Naku kuwa rini ne a ciki, hasken lesa ya bi yana ƙona shi ɗigo-ɗigo. Rini fa! Rana na kashe shi, zafi na gajiyar da shi. Faifan da ya wuni a gaban mota a watan Afrilu, sai dai addu'a. Yana iya mutuwa ba tare da ko ƙwarzane ɗaya ba.

Murabba'an nan fa, daga ina? Faifai ba ya ajiye hoto ɗungurungum. Tsarin MPEG-2 na DVD yana yanka kowane hoto gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance. Hoton DVD irin namu, mai ɗigo 720 da 576, gunduwa 1,620 ke nan, a jere kamar tayil ɗin ɗaki. Wadda bayaninta ya ɓace, ita ce ke fitowa da launin banza.

Abin mamakin na gaba. Hoto 25 ke wucewa a daƙiƙa guda, amma cikakke ba ya zuwa sai kusan bayan kowane rabin daƙiƙa. Sauran duk bayanin bambanci ne kawai: hannu ya ɗan matsa, kai ya ɗan juya. In cikakken ya lalace, na bayansa duk su gaji lalacewar. Dalilin da ya sa kuke ganin tabon yana jan jiki yana bin mutum ke nan, can kuma farat ɗaya ya washe.

Masu faifan VCD, ku matso. Tsarin ya fito a 1993, kuma a kansa finafinan Kannywood da bidiyon bukukuwa masu yawa suka shiga gidaje. Hotonsa ɗigo 352 da 288 ne, wato gunduwa 396 kacal, don haka kowane murabba'i ƙato ne a allo. Ƙari a kan haka, don bidiyo ya samu wuri, an cire masa wani kaso na kariyar gyara kuskure da faifan kwamfuta ke da ita. Ashe ba laifin na'urarku ba ne!

Eh, faifai na gyara kansa. Wasu masana lissafi biyu a Amurka, Irving Reed da Gustave Solomon, suka fitar da dabarar a 1960, shekara 22 kafin Sony da Philips su kawo CD kasuwa. Da ita CD ke cike giɓin da ya kai kusan milimita 2.5 a kan layinsa, ba ku ma san an yi ba. Lissafin nan dai shi ya taimaka wa kumbon Voyager 2 turo hotuna daga duniyar Uranus, shi ne kuma ke cikin lambar QR da kuke haskawa da waya.

Saboda haka ƙwarzane ma suna suka tara. Wanda ya tashi daga tsakiya zuwa baki yana ɗan taɓa kowane kewaye ne ya wuce, lissafi ya cike. Wanda ya bi da'ira kuwa yana cinye layin a jere. Masu goge faifai da bakin riga suna zagayawa, kun ji ko? Daga tsakiya zuwa baki ake shafawa, da tsumma mai laushi.

Wane gefe kuka fi lallaɓawa? Mai ƙyalli, ko? A CD, bayanin yana dab da gefen rubutu, siririn fenti ne kawai ya rufe shi. Biro mai tsini ya isa ya kashe shi har abada. DVD ya fi wayo: roba biyu ce, kowace milimita 0.6, aka manne, bayanin na tsakiya.

Man goge baki da wasu ke shafa wa faifai fa? Yana ɗan saɓe robar ne, in ƙwarzanen marar zurfi ne. Rinin da ya mutu kuwa ko duk man kuka matse ba zai tashi ba. Ni dai ban ba da shawarar a fara da shi a kan faifan da babu na biyunsa ba.

Har cin faifai ana yi! A 2001 masu bincike a Sifaniya suka ba da rahoton wata funfuna da ta cinye jikin wani CD da aka ɗauko daga ƙasar Belize.

To yaya ake ceto? Kwafa, tun kafin komai. Na'urar karanta faifai kowace da idonta: abin da wannan ta kasa, waccan ta karanta. Manhajar ddrescue, kyauta ce, tana kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna, ta rubuta inda ta yi tuntuɓe, ta dawo ta yi ta gwadawa. Kuna iya canja na'ura ta ɗora daga inda ta tsaya. In kuwa faifai biyu aka ɗora muku na biki ɗaya daga kwafi guda, kuma ba wuri ɗaya suka lalace ba, sai a haɗa su a fitar da guda lafiyayye. Ku tambayi dangin ango, wataƙila nasu na cikin akwati!

Wani faifan ma lafiyarsa ƙalau. Kyamara ce ta ɗauka a kansa, ba a kammala rufe ɗaukar ba, sai na'ura ta ce babu komai. Manhaja irin IsoBuster na iya tono bidiyon.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu alƙawarin wanke hoto fa? Ba sa dawo da abin da ya ɓace. Cankar abin da ya kamata ya kasance a wurin suke yi, su zana. Hancin da za su sa wa kawunku zai fito tsaf, amma ba lalle ne nasa ba ne.